Shawara: Wace tarakta ce daidai gonar hekta bakwai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, bana na yi ritaya. Ina da gona hekta bakwai a ƙasar Soba ta jihar Kaduna. Biyar tudu ne, ina sa masara da waken soya, biyu kuma fadama, shinkafa da damina, tumatir da rani. Kowace shekara sai na bi layin masu tarakta, kafin ta iso gonata ruwan shuka ya wuce. Ina so in sa kuɗin sallamata in sayi tawa. An nuna mini guda uku: ƙarama 'yar Japan wadda aka taɓa aiki da ita mai ƙarfin doki 22, sabuwa 'yar Indiya mai doki 50, sai tsohuwar Massey Ferguson 375 mai doki 75 wadda kuɗinta bai kai na sabuwar ba. Ɗana ne zai riƙa tuƙawa. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a hutun, ya sa kuɗin nan su tafi inda za su dawo. Kuɗin sallama sau ɗaya ake karɓarsu, shi ya sa ba za mu yi maka kwana-kwana ba: a cikin ukun nan, ta tsakiya ce daidai gonarka, wato mai doki 45 zuwa 50. Amma akwai abubuwan da sai ka gani da idonka a jikinta kafin ka ƙirga kuɗi, kuma akwai lissafin da ya kamata ka zauna ka yi da ɗan naka tun kafin ku je wurin dillali.

Fara da auna gonar. Mutane da yawa suna cewa kadada, wani yana nufin eka, wani yana nufin hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Hekta ita ce mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. A sa yaron ya zagaya iyakar gonar da waya mai manhajar awon fili, tudu daban, fadama daban. In ya fito eka bakwai ce ba hekta bakwai ba, to gonar ba ta kai hekta uku ba, kuma shawararmu za ta koma kan ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu wadda ake bi a baya. Abin da za mu faɗa daga nan ya ginu ne a kan hekta bakwai na gaske.

Masu sayarwa suna son maganar doki domin ita ce lambar da aka rubuta a jikin ƙarfe. Abin da ke jan garma a gona kuwa nauyin taraktar ne da yadda tayarta ta kama ƙasa. A ƙasar gona, tarakta tana iya jan abin da ya kai kamar rabin nauyinta, in ya wuce haka sai taya ta riƙa juyawa a wuri ɗaya tana tona rami, komai ƙugin injin. Faifan garma ɗaya mai inci 26, in ya shiga santimita 20 a ƙasa mai matsakaicin tauri, yana neman jan kilo 250 zuwa 300. To ka auna. 'Yar Japan ɗin nan nauyinta bai wuce kilo 800 zuwa 1,000 ba, ke nan faifai ɗaya ne ƙarfinta. Mai doki 50 tana kai kilo 1,800 zuwa 2,100, za ta ja faifai biyu tana numfashi lafiya, ta ja uku a jigawa ko ƙasar da ruwa ya jiƙa. Ita kuwa 375 faifai uku ne abincinta na kullum. Makanikai suna da awon da ya yi daidai da wannan: kowane faifai a ba shi doki 15 zuwa 20.

Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, mene ne mafi nauyin abin da zan rataya mata? A gonarka garma ce, sai rija mai faifai huɗu da ke tayar da kunya biyu a tafiya ɗaya. Duk taraktar da ba za ta ja waɗannan biyun ba, ta fita daga lissafi, ko da kyauta aka ba ka.

Ga yadda ake gane awa nawa aiki zai ci. A ninka faɗin abin da ake ja a mita da gudun tarakta a kilomita cikin awa, a raba da goma, sannan a cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda juyawa a bakin gona da tsayawa cire ciyawa. Garma mai faifai biyu tana yankan kamar santimita 55, a gudun kilomita 5, sai ta ba ka kusan kashi ɗaya cikin biyar na hekta a awa, wato awa biyar kowace hekta, awa 35 a gonar duka. Haro, wato jerin faifan da ke farfasa ƙasa bayan garma, mai faɗin mita ɗaya da rabi zai gama hekta bakwai a kamar awa 10. Huɗar hekta biyar na tudu awa 8 ko 9. Jimla awa 54 ko kusa da haka, kwana bakwai in ana awa takwas a yini. In ka sa 375 da garma mai faifai uku da haro mai mita biyu, za ka sauko wajen awa 37, kwana biyar. Duk bambancin da ke tsakanin doki 50 da doki 75 a gonarka kwana biyu ne. A ƙasar Zazzau, inda ake shukar masara daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni, kwana biyu ba su ne ke sa mutum makara ba in taraktar a ƙofar gidansa ta kwana. A madadin kwana biyun nan za ka riƙa zuba wa 375 gas lita 8 zuwa 11 a awa lokacin kaftu, maimakon lita 4 zuwa 6, ga tayar baya mai lamba 16.9-30 da tsadarta ta fi ta 13.6-28 nesa.

Kuma ba lallai ne ka sa garma a tudun nan kowace shekara ba. In ƙasar mai yashi-yashi ce, haro sau biyu da huɗa sun wadatar, a bar garma sai bayan shekara biyu ko uku, ko inda ƙasa ta yi fako. Wannan zai rage awannin nan da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Yanzu maganar kunya, wadda ita ce masu saye suka fi mantawa, kuma ita ce ke sa a ga sabuwar tarakta a ajiye ƙarƙashin bishiya daga an gama shuka har kaka. Masara da waken soya a wajenku ana yi musu kunya santimita 75 tsakani. In kana so taraktar ta sake shiga gona bayan shuka, ta yi maimai, ta yi ban ƙasa, ko ta ɗauki tankin feshi, dole tayoyinta su bi kwarin kunya, kunya biyu su wuce ta ƙarƙashin cikinta. Ke nan daga tsakiyar tayar hagu zuwa tsakiyar tayar dama ya zama santimita 150, gaba da baya. Taraktocin noma na gaske ana iya buɗe musu ƙafa: a baya a juya rim ko a canja wurin ɗaurinsa, a gaba a zare sandar ƙafa a mayar da kusoshi a wani rami. Ka je da tef ka auna, ka kuma sa dillalin ya nuna maka ramukan. Wasu 'yan Indiya ana kawo su da sandar gaba wadda ba ta buɗewa, sai ka nemi mai buɗewa tun a wurin saye. Ƙananan 'yan Japan faɗinsu bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, taya ɗaya na kwari ɗaya na kan kunya, ta karkace tana tattake shuka. Sai tsayin cikinta daga ƙasa. Kunya mai kyau tana kai santimita 20 zuwa 30, ga shuka a kanta, don haka kada ka yarda da abin da bai kai santimita 35 ba, 40 ya fi. A tsuguna a auna daga wurin da ya fi kusa da ƙasa, wanda galibi shi ne ƙarfen jan tirela ko ƙasan sandar gaba.

Kada ka ɗauka muna kushe 'yar Japan ɗin ne. Kubota da Yanmar da Iseki injuna ne masu ƙarko, amma an ƙera waɗannan ƙananan ne domin 'yan fadamun shinkafa na can, su ja rotabeta, wato abin aiki mai wuƙaƙe masu juyawa da ke farfasa ƙasa, mai faɗin mita 1.2 a cikin taɓo. A fadamarka za ta yi aiki mai kyau, hekta ɗaya a awa huɗu da rabi. A tudu kuwa rotabeta ba ta wuce zurfin santimita 10 zuwa 12, tana kuma niƙe ƙasa ta zama gari, ruwan farko mai ƙarfi ya wanke ta ko ya daskarar da samanta tsiro ya kasa fitowa. Wasunsu ma hannayen rataya kayan aiki na bayansu ba irin na kowa ba ne, an yi su ne domin rotabetarsu kaɗai. Sannan ranar da famfon ruwa ko wani haƙorin giya ya lalace, za a iya zagaye Zariya da Kano ba a samu ba, damina kuwa ba ta jiran kaya su iso daga waje. Da gonarka fadama ce hekta biyu ko uku kawai, da mun ce ka duba ta. A hekta biyar na tudu, za ta gaji kai ma ka gaji.

Ita 375 fa? Ba abin rainawa ba ce. Injin Perkins mai silinda huɗu ne a cikinta, kusan kowane makanikin tarakta a Arewa ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwa. In niyyarka ita ce haya ta zama sana'a, a yi ta bin gonakin mutane daga Afrilu zuwa Yuli, ita ce ta dace, domin masu gona sauri suke so, kuma yawancin garmuna da haro da ke yawo a kasuwa girmanta aka yi wa. Damuwarmu ita ce kalmar "tsohuwa". Taraktar haya ana sayar da ita ne galibi bayan ta ba da abin da ke jikinta, kuma mai ritaya ba ya da albashin da zai riƙa cike ramin gyara da shi. In duk da haka ranka ya kwanta da ita, ka tafi da makanikinka, ba na mai sayarwa ba, ku je da sassafe kafin a tayar da ita. Ɗora hannu a kan injin, in da ɗumi an riga ku, ku dawo gobe. Injin lafiyayye yana tashi a sanyi ba tare da turi ba. Hayaƙi shuɗi yana nuna tana shan baƙin mai, fari mai ɗorewa ruwa ne ke shiga ko nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin injin, ya mutu, baƙi a lokacin da ba ta jan komai kuwa famfon mai ne ko matatar iska. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai injin na aiki, in yana huci kamar tukunya, ringi sun ƙare. A leƙa lagireto ko akwai mai a saman ruwa, a zaro sandar awon mai ko ya yi kalar koko. A rataya garma, a ɗaga ta sama, a kashe injin, a jira minti goma: in ta sauka ƙasa da kanta, haidirolik na yoyo a ciki. Kada ka dogara da agogon awanni, ana canja shi. Dubi yadda fedar kuloci da ta birki suka suɗe, da girgizar sitiyari. Daga nan a kai ta gona ta yi kaftu na awa guda cur, a ga ko zafi zai hau, ko giya za ta riƙa fita da kanta. Mai sayarwar da ya ƙi a kai ta gona ya riga ya ba ka amsa.

Mu koma kan wadda muka zaɓa maka, domin ba kowace mai doki 50 ce za ta yi ba. A wannan aji akwai Mahindra, Sonalika, John Deere da New Holland da ake ƙerawa a Indiya, akwai kuma Massey Ferguson 240 ta Pakistan mai silinda uku. Sunan bai kai muhimmancin wannan ba: wa ke sayar da filtarta, da farantin kulocinta, da nozul ɗinta a Zariya ko Kaduna, yau, a kan kanta? Ka rubuta waɗannan ukun a takarda, ka shiga kasuwa ka tambaya kamar mai neman saye. In shago biyu ba su ɗauko maka ba, nemi wata.

Ka tambayi doki nawa take bayarwa a sandar da ke juyawa a bayanta, wadda makanikai ke kira PTO. Lambar da ke jikin bodi ta injin ce, kafin ƙarfin ya iso sandar nan ya ragu da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, don haka doki 50 zai koma wajen 42. Wannan lambar ce za ka gwada da abin da aka rubuta a jikin injin casar masara ko rotabeta. Sandar ta kasance mai juyi 540 a minti, mai tsaga shida, ita ce kowane kayan aiki ke shiga. Doki 42 zai juya rotabeta mai mita 1.5 zuwa 1.8, kuma ka zaɓi wadda faɗinta ya rufe sawun tayoyi, in ba haka ba za ta riƙa barin layin da taya ta danne.

Hannaye ukun nan na baya da ake rataya garma suna da aji. Na ɗaya fin ɗinsa na ƙasa milimita 22 ne, na sama 19. Na biyu 28 da 25. Kayan aiki mai siririn fin yana hawa tarakta mai babban rami in an sa bushi, amma mai kaurin fin ba ya shiga ƙaramin rami, sai a kai wa mai walda ya yi dabara, dabarar kuma ita ke karyewa a tsakiyar gona. Nemi mai aji na biyu ko mai karɓar duka biyun, domin ranar da za ka ari haron maƙwabci. Ta iya ɗaga aƙalla kilo 1,200 a bakin hannayen, saboda nauyin garma yana can baya da su, kuma duk yadda abu ya yi nisa da tarakta ƙarfin ɗagawa raguwa yake. Ka tabbata kusa da kujera akwai liba biyu na haidirolik. Ɗaya tana tsayar da kayan aiki a tsayin da aka sa ta, ɗayar tana jin nauyin ja, in garma ta ci karo da ƙasa mai tauri sai ta ɗan ɗaga ta da kanta, in ta wuce ta mayar. Ƙananan taraktoci da yawa da aka yi domin yankan ciyawa a Amurka da Turai ta farkon kaɗai gare su, kaftu da su wahala ne, direba ya yini hannunsa na kan liba.

Giya ta hannu za ka ɗauka, mai takwas gaba biyu baya ko makamanciyarta. Irin wadda ake taka feda ta tafi da ƙarfin mai tana da daɗin tuƙi, amma tana cin ƙarfin injin, tana zafi a dogon ja, ƙura kaɗan a cikin manta ta kashe ta, mai gyaranta kuma sai an tona. Haka nan ka guji injin mai kwamfuta da matatar hayaƙi, irin wanda dokar hayaƙi ta sa ake ɗora wa yawancin taraktocin da suka haura doki 25 a Amurka da Turai. Gas mai tsabta sosai suke so, na jarka da ake sayarwa a bakin hanya mai ruwa da laka zai lalata nozul ɗinsu cikin damina ɗaya. Famfon mai na gargajiya, da kofin gilashi mai tare ruwa a ƙarƙashin filta, shi ne na ƙauye. Tayoyi kuma su zama masu manyan haƙora na noma, ba masu lafaffen zane ba.

Fowil, wato mai ja da ƙafa huɗu, tana da amfani a gare ka saboda fadama, kuma tana ƙara ƙarfin ja ba tare da an ƙara doki ba. In kuɗi sun kai, ɗauke ta. In ɗaukarta zai sa ka rasa kuɗin haro da rija, bar ta. Mai jan baya kaɗai za ta yi aikin fadamar in an shiga da wuri, a watan Mayu kafin ƙasa ta sha ruwa, da kuma bayan girbin shinkafa in ƙasa ta tsane. Abin da ba za a yi ba shi ne a tura ta cikin taɓo a watan Yuli, nan za ta nutse har ciki. Muna ba ka shawara ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin domin garma mai faifai biyu, haro mai faifai 14 ko 16, rija, da tirela mai ɗaukar tan uku, kamar buhu talatin na masara. Tarakta ba kayan aiki mota ce kawai marar gudu.

In ta iso, akwai gwajin da ɗanka zai yi da alli da tef. A yi alama a tayar baya, a ɗaga garma, a yi tafiya har taya ta juya sau goma, a auna. Taya mai lamba 13.6-28 za ta ba da kusan mita 40. A sauke garma a ƙasa a sake juyi goma. In an samu mita 34 zuwa 36, santsin ya yi daidai, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. In mita 30 aka samu, gas da taya kake ƙonawa a banza: a rage zurfi ko a ƙara mata nauyi. Ana ƙara nauyi da ruwa a tayoyin baya, a juya taya bawul ya koma sama, a ɗura ruwa har ya kai bakinsa, kashi uku cikin huɗu ke nan, sauran a cika da iska. In kuma gabanta na ɗagawa duk lokacin da aka ɗaga haro, sitiyari ya yi sakayau, a rataya ƙarafan nauyi a gaba. Kafin garma ta fara shiga, a bi gonar a tone kututture da manyan duwatsu. Faifai yakan hau kansu ya wuce, amma kowane karo boris ɗinsa ke sha. Kaɗanya da ɗorawar da ke cikin gona kuwa a bar su, mai doki 50 ta fi babbar sauƙin zagaye su.

Ga lissafin da muka ce ku zauna ku yi. Aikin gonarka duka, har da jigilar taki da amfani da casa, da wuya ya wuce awa 150 a shekara. Tarakta kuwa darajarta na raguwa, batir na mutuwa, taya na tsagewa a rana, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. In ka raba waɗannan a kan awa 150, kowace awa za ta fi kuɗin haya tsada. Abin da kake saye shi ne shuka a kan lokaci, kuma yana da daraja, amma kafin kuɗinka su dawo sai ta yi awanni ɗari huɗu ko biyar a shekara. Ke nan sai ta yi wa maƙwabta aiki bayan an gama naka: hekta talatin ko arba'in na haro da huɗa, jigilar buhuna da kaka, casa, ɗibar yashi da taki da rani. Ka zagaya ka ƙirga masu gonakin da ke bin layin nan tare da kai, ka ji ko za su biya a hannu. Bashin aikin tarakta sai kaka ake biya, gas kuwa yau ake saye. In ka ga ba za a samu aikin ba, ko ɗan naka yana da niyyar komawa makaranta ko birni, gara ka haɗa kuɗi da mutum biyu da ka amince da su, a rubuta wa ke fara aiki da wa ke biyan gyara, ko ka sayi mai ƙafa biyu mai doki 12 zuwa 15 domin fadama, ka riƙe shanun huɗa a tudu.

Sai maganar ɗanka, wadda ta fi duk abin da muka faɗa. Ka sayi mai ƙarfen kariya da ya yi baka a saman kujera, da bel, kuma ya riƙa ɗaurawa. Tirela ko duk abin da za a ja da sarƙa, a ƙarfen ja na ƙasa kaɗai ake ɗaura shi. In aka ɗaura a sama, wajen hannun tsakiya, tarakta takan miƙe ta kife ta baya cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba, direba ba ya samun damar taka kuloci. A kan titi a haɗe fedojin birki biyu da maƙullinsu, domin taka ɗaya a guje juyar da ita yake. Sandar PTO tana juyi tara a kowace daƙiƙa, babbar riga, rawani, gyale ko bakin zane in ta kama ba ta saki, don haka murfinta ya zauna a kanta, kuma a kashe injin kafin a sa hannu cire ciyawa. Kada a ɗora yara a kan madigadi ko a kan haro, ko da daga gida zuwa bakin gona ne. Ka biya wani gogaggen direba ya zauna da shi sati biyu, ya koya masa daidaita garma ta kwanta daidai gaba da baya, hagu da dama. Garmar da ba a daidaita ba takan sa a ce tarakta ba ta da ƙarfi alhali lafiyarta ƙalau.

Kada ka bari sai hadari ya fara haɗuwa ka je saye, lokacin kaya sun yi tsada kuma ba ka da sararin zaɓe. Ka saya a Janairu ko Fabrairu, ta fara da aiki marar nauyi, jigila da haro a fadama. A awa 50 na farko a juye baƙin mai a canja filta, a bi kusoshin taya a ƙara ɗaure su, daga nan a riƙa juyewa duk awa 250 ko yadda littafinta ya ce. Kowace safiya a duba mai da ruwa, a zubar da ruwan da ya taru a kofin gilashi, a buga giris, a kakkaɓe matatar iska da ragar lagireto, musamman a ƙurar hunturu da lokacin casa. Gas a zuba shi a duro ya kwana biyu ya lafa kafin a ɗiba daga sama ta cikin mataci. Kafin Afrilu ya ƙare ka ajiye filtar mai biyu, ta gas biyu, bel ɗin fanka, boris ɗin faifai guda da 'yan fin a cikin akwati a gida.